Roka Ta Ƙi Tashi a Ƙasar Roni

Motar da kawuna yake ja ta girme ni. Roka ce, Mercedes mai gajeren hanci wadda direbobi ke kira 911, da bodin katako da aka sake mata ba sau ɗaya ba, da rubutun addu'a a goshinta wanda rana ta cinye rabinsa. A Jamus aka fara ƙera irinta a 1959, kuma bayan an buɗe masana'antar ANAMMCO a Inugu a 1980 manyan motocin Mercedes suka ƙara cika hanyoyin ƙasar nan. Yanzu tireloli sun ƙwace mata manyan tituna, amma duk inda kwalta ta ƙare aka shiga burji da yashi, har gobe ita ake nema.

Riɗi ne ya haɗa ni tafiya da ita. Wani ɗan kasuwa a Dawanau da nake riƙe wa lissafi ya sayi riɗi da zoɓo ta hannun dillalansa a ƙauyukan Babura da Roni da Gwiwa, ya ce in bi mota in ƙirga buhuna, in sallami 'yan lodi. Watan Disamba ne, an gama kaka, hunturu ya sauko da ƙarfinsa. Mu uku ne a gaban mota: Kawu, da yaron motarsa, da ni.

Daga Kano muka bi ta Kunya, muka ratsa Kanya Babba, muka shiga Babura rana tsaka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, gonaki sun zama fili bayan an cire amfani, sai gawo da ke fitar da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu. Nijar tana nan kusa, kana jin sunan Magarya a bakin 'yan kasuwa kamar yadda kake jin sunan Kano. Muka yi lodin farko a ƙauyuka biyu arewa da garin. A can Kawu ya duba tanki ya ga gas ya yi ƙasa, babu kuma gidan mai a kusa, sai ya sayi jarka biyu a hannun wani ɗan bumburutu a bakin hanya. Sayen mai a jarka ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun a Nuwamban 2019, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, mutanen ƙauyukan iyaka suka ƙara sabawa da shi. Da kuɗin gas ya ninka a 2022 kuwa, direbobi da yawa suka daina cika tanki, sai dai su riƙa sayen na zango zuwa zango. Tankin da ke yawo kusan wayam yana tara raɓa a cikinsa da dare, kuma duk dattin da ya kwanta a gindinsa shi inji zai fara zuƙa.

Muka juyo yamma ta ƙasar 'Yankwashi. Babura tana ƙarƙashin masarautar Ringim ce, amma da ka shigo 'Yankwashi ka taka ƙasar Kazaure, wadda ta haɗa ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Ƙasar ma tana sauya kama. Rairayi ya fara ja da baya, duwatsu suka fara leƙowa, jar ƙasa da tsakuwa suka karɓi hanya. Wanda ya ga tuddan nan zai gane dalilin da ya sa Ɗantunku, da ya taso daga Dambatta, ya kafa masarautarsa a nan wajen 1819, a tsakanin Kano da Katsina da Daura. Muka wuce ta gefen dam ɗin Kazaure da la'asar sakaliya, masu noman rani suna ta ban ruwa, muka ci abinci a tasha, muka kama hanyar Roni.

A wani hawa bayan mun bar Kazaure motar ta yi tari. Ƙarfinta ya faɗi na ɗan lokaci, Kawu ya sauke giya, ta sake ɗauka. Bai ce komai ba, amma na ga ya karkata kunne wajen inji har muka yi nisa. Bayan isha muka isa ƙauyen da dillali ke jiranmu, aka yi lodi da hasken tocila, Kawu ya ajiye mota a wani ɗan tudu kusa da masallaci, hancinta na kallon sama, yaro ya sa mata waiji. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure.

Da aka idar da sallar asuba sanyi ya kai inda ya kai. Kawu ya hau, ya yi bisimilla, ya ba ta kik. Injin ya juya da ƙarfinsa, gur-gur-gur, bai kama ba. Ya dakata, ya sake. Haka dai. Ba irin motar da ka murɗa makulli ka ji ƙas ɗaya ta yi shiru ba ce, wadda kowa ya san batir ne ko kik ko wayar da ta saki. Wannan tana juyawa lafiya lau, tashi ne ba ta yi.

Kafin gari ya gama wayewa an kewaye mu. Wani ya ce sanyi ne, a jira rana. 'Yan lodin jiya suka ce a tura, alhali mota na ɗauke da kaya fiye da rabi, gabanta hawa, bayanta katangar mutane. Yaron mota ya kawo shawarar da ya gani a tasha, a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin da inji ke shaƙar iska.

"Kul," in ji Kawu. "Ka taɓa jin ƙarar da inji ke yi in an yi masa haka? Ringi kake karyawa. In kuma wuta ta biyo tsumman, hannunka ne a wurin."

Sai ya ce da ni, "Ɗana, zaga bayan salansa ka tsaya. In na ba ta kik, ka duba ko hayaƙi zai fito, ka kuma faɗa mini launinsa."

Na zaga na tsaya, ya ba ta. Ko ƙyas. Na ce masa babu komai.

"To ba sanyi ba ne," in ji shi, ya sauko.

A nan na fara fahimtar yadda suke tunani. Injin gas ba shi da fulogi, babu tartsatsin da ke kunna masa wuta. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 17 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa gas a kanta ya kama da kansa. Wannan ita ce dabarar da Rudolf Diesel ya tabbatar da injinsa a 1897, kuma a kanta injin rokar nan mai silinda 6 yake tafiya. Saboda haka in irin wannan inji yana juyawa bai tashi ba, tambayoyin ba su da yawa: gas yana isa kuwa, iska tana shiga, matsin ya isa ya kawo zafi, kuma juyin yana da saurin da ake bukata? Salansa tana amsa rabin tambayoyin kyauta. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin mai yana shiga silinda amma bai ƙone ba, sai a tuhumi sanyi, ko ringi da bawul da suka gaji, ko batir da ya rage gudu. In babu hayaƙi sam, mai ne bai iso ba.

Kawu ya buɗe tanki ya zura kara, ya fito da jiƙa kusan kamu ɗaya. Akwai mai. Ya ɗaga bonet, ya bi sandar da ke tafiya daga totur zuwa injekta da hannu, ya tabbatar ba ta maƙale a wurin kashe inji ba. Sannan ya kwance ɗan famfon hannu da ke jikin injekta ya fara bugawa. Famfon yana tafiya sakayau, babu nauyi. Ya sassauta kusar da ke saman filta da sifana, yaro ya ci gaba da bugu, sai ga kumfa tana tsartuwa.

"Ta sha iska," in ji shi.

Aka yi ta bugu har kumfar ta ragu, mai ya fara fitowa, ya ɗaure kusar, ya sassauta ta jikin injekta ita ma aka yi mata haka. Ya hau ya ba ta kik. Ta yi tari, ta yi girgiza, ta tashi. Yara suka yi ihu. Kafin yaro ya cire waiji sai muryarta ta fara rawa, ta yi ƙasa, ta mutu. Aka sake fitar da iska, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Ga shi kuma juyin kik ya fara nauyi, alamar batura sun fara gajiya.

A nan Kawu ya tsaya, kuma ina ganin tsayawar nan ita ce mafi amfanin abin da ya yi a safiyar. Na sha ganin direba yana danna kik har hayaƙi ya fito daga jikinsa, ya kashe batir, ya ƙona kik, matsala ɗaya ta zama uku. Ƙa'idar da ya bi ita ce kada kik ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, a bar shi ya huce kafin a sake. Ya kira mai motar a waya. Ina jin muryar Alhajin daga inda nake, yana cewa ai injekta ce, a kwance ta a kai Kano. Kawu ya ce, "To Alhaji, a yi mini haƙuri in kira Baba tukuna."

Baba tsohon bakanike ne a Kazaure, wanda ya yi ƙuruciyarsa a garejin manyan motoci. Hantsi ya dubi ludayi sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, da rawani ya rufe hanci saboda ƙura, da wata tsohuwar jakar buhu a cinyarsa. Kawu, da furfurarsa, ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, sannu da hanya. Mun taso ka cikin sanyi."

"Sanyi na kowa ne. Yaya iyali? Yaya mai jikin?" Ya nuna motar da haɓa.

Bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya. Jiya lafiya ta kwana ko ta yi wani abu a hanya? Kawu ya faɗa masa tarin da ta yi a hawa. A ina aka sha mai na ƙarshe, a famfo ko a jarka? Yaushe aka sauya filta? Da ta tashi ɗazu, mutuwar farat ɗaya ta yi ko a hankali ta riƙa shaƙewa? Haka aka ajiye ta tun dare, hanci sama? Yana ji yana gyaɗa kai. Sai ya ce a ba ta kik sau ɗaya, gajere. Ya saurara ido rufe.

"Juyinta daidai yake, babu silindar da ke tsallake. Injinka da sauransa. Ku bar maganar injekta, a bar kaza cikin gashinta."

Ya tsuguna ya kwance wani ɗan kofin gilashi da ke ƙarƙashin famfon hannu, wanda ni ban ma lura da shi ba saboda baƙin mai da ƙura sun rufe shi. Ya ɗaga shi a rana ya kira ni. "Malam, kai mai biro, zo ka gani." Gas yana sama, ruwa ya kwanta a ƙasa, a gindi kuma wani jan laka. 'Yar ragar da ke ciki ta toshe. Ya wanke ta da gas mai tsabta, ya duba robar bakin kofin, ya mayar. Ya buɗe filta, ita ma ta yi baƙi ƙirin, ya fito da wata daga jakarsa ya sa. Na ɗauka an gama. Aka buga famfo, kumfa ta ci gaba da fitowa.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya fi burge ni a tafiyar gaba ɗaya. Ya aika yaro ya samo galan mai tsabta, aka tsiyayi gas daga saman tanki aka tace da ƙyalle. Ya cire tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya ɗaura wani guntun tiyo nasa, ya tsoma ɗaya bakin a galan. Ya buga famfo, nan da nan ya yi nauyi a hannunsa, mai ya fito babu kumfa ko ɗaya. Ya sassauta bututun nozul biyu, aka ba ta kik kaɗan har suka tsarto mai, ya ɗaure. Ya ce Kawu ya hau. Da sauran ƙarfin da ya rage a batura ta juya sau biyu, a na uku ta kama, ta tofar da hayaƙi, ta zauna daram. Aka bar ta tana aiki, ba ta yi ko tari ba.

Da galan ɗaya ya raba motar gida biyu. Duk abin da ke gaban galan, famfo da filta da injekta da nozul, ya wanke kansa. Laifin yana tsakanin tanki da famfo.

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, yana bin layin mai da yatsa, taku bayan taku. Kawu ya ce, "Baba, na duba wurin nan, babu inda yake ɗiga."

"Ba zai ɗiga ba," in ji Baba daga ƙasa. "Nan wajen ja ne, ba wajen turi ba. In bututu ya tsage bayan famfo, mai zai fito ka gani. In ya tsage kafin famfo, iska ce za ta shiga, ba abin da za ka gani. Ka taɓa zuƙar ruwa da tsagaggen kara? To shi ne."

Ya same shi a inda tiyon roba ya haɗu da bututun ƙarfe, kusa da sasi. Robar ta bushe, ta daɗe tana gugar ƙarfe, ta yi wata tsaga da ba ta kai faɗin farce ba, sai an lanƙwasa ta take buɗe baki. Ya fito ya jera mana yadda abin ya faru. Tsagar ta daɗe a wurin, motar tana haƙuri da ita. Man jarka ya zo da ruwa da datti, ya kuma tayar da wanda ke kwance a tanki, raga ta fara toshewa, shi ne tarin jiya. Ya busa ta bakin bututun da ke shiga tanki, ya ji shi ma da nauyi, datti ya taru a can. Da hanyar mai ta ƙuntata, famfo ya ƙara ja da ƙarfi, ya koma jan iska ta tsagar. Sannan aka kwana hanci sama da mai kaɗan, abin da ke cikin layi ya sulale ya koma tanki, sanyi ya ƙara ƙandarar da robar. Da safe babu abin da ke cikin bututu sai iska, ita kuwa iska matsuwa take yi, ba ta iya buɗe nozul.

Ya yanke wurin da ya lalace, ya ɗaura da sabon kilif, ya naɗa guntun tsohuwar tayar keke a inda yake gugar sasi. Ya kwance kusar gindin tanki ya bar ruwa da laka suka zuba a kwano har gas mai kyau ya biyo. Ya ce wannan ɗaurin na kaiwa gida ne, a sayi sabon tiyo a Kazaure, a kuma sauke tankin a wanke shi in an sami sarari.

Ana cikin haka wani mai a-kori-kura, tsohuwar Peugeot, ya matso ya ce tasa ma takan yi masa haka da safe. Baba yana goge hannu ya ce, "Taka fetur ce, hanyarku daban. Fara da wuta. Cire wayar fulogi ka kusantar da ita jikin inji a ba ta kik, in ka ga tartsatsi shuɗi, koma wajen kafireto ka ga ko mai na zuwa. In babu tartsatsi, duba kwantak da kwayil. Kada ka kwance kafireto kafin ka tabbatar da wuta."

Kuɗin da ya karɓa, har da na filta da na ɗan acaɓa, bai kai abin da za a kashe wajen kai injekta Kano da dawo da ita ba, balle kuɗin gyaran abin da lafiyarsa ƙalau, balle kwanakin da riɗin mutane zai yi a ƙauye a kan mota. Kuma da an kwance ta an mayar, motar ba za ta tashi ba, domin tsagar tana nan.

Mun ci tuwon dawa da miyar kuka a gidan dillali kafin mu tashi, a nan nake tambayar Baba game da sababbin motoci. Ya ce injektar rokar nan irin ta Bosch ce mai jere, ƙarfe ne da sifirin, in ta samu mai mai tsabta sai ta yi shekaru ba a buɗe ta ba. Na san kamfanin ya fara ƙera irinta tun 1927. Su kuwa injinan da suka fara fitowa daga ƙarshen shekarun 1990, kwamfuta ce ke buɗe nozul ɗinsu, matsin man da ke cikinsu ya ninka na da sau da yawa, ruwa kaɗan yana lalata su, kuma sassauta bututunsu inji na juyawa haɗari ne. In irinsu ta ƙi tashi a ƙauye kamar wannan, sai an ɗauko mai na'ura daga birni. Ba ya kushe su, ya ce sun fi gudu, sun fi tsimin mai. Abin da ya dame shi shi ne yaran da ake kawo masa koyo ba sa zama. Da yaro ya iya sauya filta sai ya sayi babur ya kama acaɓa.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na ga abin da ke tafiya a kan waɗannan tsofaffin motoci. Riɗin da ake fitarwa ƙasashen waje da zoɓon da ake kaiwa har Meziko, kafin su ga kwantena sai sun fara hawa bayan roka ko Kanta a wani ƙauye da ba shi da kwalta. Jigawa, jihar da waɗannan ƙauyuka suke, tana cikin jihohin da suka fi noma su. Manomin Gwiwa ba ya samun kuɗinsa sai mota ta iso ta kuma fita, motar kuwa ba ta fita sai da mutum irin Baba a nesan kiran waya. Kazaure tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, kuma ina ganin babu abin da zai hana a riƙa gayyatar irin waɗannan dattawa su tsaya gaban ɗalibai da tsohon inji, su nuna musu yadda ake tambaya kafin a kwance.

Bayan azahar muka kama hanyar Gwiwa, Baba a gaba tare da Kawu, ni na koma saman buhuna tare da yaro. Daga can sama ana ganin duwatsun Roni suna nutsewa cikin hazo, ga garken shanu suna kiwo a karan dawa, ga amalanke ɗauke da harawa. Gwiwa tana dab da ƙasar Katsina, har maganar mutanenta ta fi karkata can. Zoɓon yana jiranmu a wani kango, buhuna manya marasa nauyi, aka ɗora su a kan riɗi aka ja tamfol aka ɗaure da igiya. Kawu bai kashe motar ba har aka gama lodi, don batura su samu su cika.

Mun dawo Kazaure da magariba. Kawu ya sayi tiyo da filta ta ajiya, Baba ya tsaya a kan yaron mota har ya sauya tiyon da hannunsa, yana nuna masa inda zai sa kilif da inda zai kauce wa ƙarfe. Aka sha gas a gidan mai, wannan karon rabin tanki, Alhaji ya turo kuɗin ba tare da musu ba. Muka kwana a tasha, mota a fili hanci ƙasa. Da asuba kik ɗaya ta tashi, muka bi ta Dambatta muka shiga Dawanau kafin rana ta yi zafi. Buhuna suka cika yadda aka rubuta, na miƙa lissafi, Kawu kuma ya sami lodin siminti zuwa Daura a ranar.